Ranar da Na Tona Asirinki a Gaban Gwaggo

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, tare da fatan rahamar Ubangiji tana lulluɓe da ke a makwancinki, ni ce Rabi, autarki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na san kuma waɗanda za su karanta wannan mutane ne da ke bibiyata a waya, mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskarki ba. Su yi mini uzuri. Magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ke ta shafa, Umma.

Kin tuna shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula? Gari ya ɗauki murna, an lilliƙe katangun Ƙofar Mazugal da hotunan 'yan takara, rediyo ba ya sa komai sai waƙar siyasa. Mu kuwa a shekarar muka rasa Baba. Ya dawo daga rumfarsa ta turare a Kurmi yana cewa ƙirjinsa ya riƙe, kafin kwana uku an kai shi gidansa na gaskiya. Ina da shekara goma sha huɗu. Yaya Sadiƙu, ɗan farinki da ba kya faɗin sunansa sai dai ki ce "wannan yaron", ya ba ashirin baya da kaɗan. Mu biyu Allah ya bar miki.

Har zuwa sadakar arba'in gidan bai rabu da mutane ba. Daga nan aka naɗe tabarmi, maƙwabta suka aiko aka karɓi kwanukansu, kowa ya koma harkarsa. Yaya ya gaji rumfar Baba, da safe yake fita. Ni kuma boko da safe, Islamiyya da yamma. Sai ke kaɗai, kina takaba, ba fita, ba kwalli, ba lalle. Matar mai turare, wata huɗu da kwana goma ko ɗigo ba ki shafa ba. A lokacin ban taɓa tambayar kaina abin da kike yi da wuninki ba. Yaro ba ya tunanin uwarsa tana da wuni.

Cikin wannan hali ne Yaya ya shigo da wani abin wasa na zamani da ake kira gem. Wani maƙwabcinsa a kasuwa ne ya zo da shi daga Ikko. Ɗan abu ne ruwan toka, bai fi tafin hannu da rabi ba, yana cin batir biyu. Tubala ne suke gangarowa daga sama, mutum yana jujjuya su yana jerawa, layi in ya cika sai ya ɓace. In suka taru suka taɓo sama, an cinye ka ke nan.

Ranar da na fara taɓa shi, Yaya yana tsaye a kaina a tsakar gida. "Juya shi mana! Kai, wannan hannu sai dai muciya." Yatsuna suka ƙi jin magana, tubala suka hau kan juna tun ban gane gabansu da bayansu ba. Ya yi ta dariya. Daga ranar ban ƙara bugawa a gaban kowa ba. Sai in ya ajiye shi a kan kabad ya tafi masallaci nake ɗauka, in hau matakalar bene in zauna a tsakiyarta, inda na ƙasa ba ya ganina. A can nakan ɗan taɓuka. Da na ji motsin takalmi, shi ke nan hannuna ya lalace.

Bayan shekaru, da girma ya zo mana, Yaya da bakinsa ya faɗa mini cewa shi ma a gidan gem ɗin da aka buɗe kusa da ƙofar gari bai taɓa zama kan benci ya karɓi abin bugawa ba. Tsayawa yake yi a baya cikin 'yan kallo, don tsoron kada a cinye shi yara su yi masa ihu. Ashe duk gidanmu ciwo ɗaya ne da mu, kowa yana ɓoye wa kowa.

Gem ɗin yana riƙe maki mafi yawa da aka taɓa ci. Wata rana Yaya ya kunna ya ga lambar da shi bai taɓa kaiwa ko rabinta ba. Ga batir kuma ba ya yin kwana huɗu. Ya tsare ni, na rantse ba ni ba ce. Ya ce to, sai dai in aljanun gidan ne suka koyi zamani. Kina zaune kina tsince shinkafa a faranti, ba ki ɗago ba.

Wata Laraba hadari ya haɗo, malamin Islamiyya ya tashe mu tun kafin lokaci. Kafin in kai gida ruwa ya kece. Na yi sallama a zaure, ƙarar ruwa a kan kwano ta haɗiye muryata. Na zo ƙofar ɗakinki na ɗan ɗaga labule.

Kina zaune a kan darduma, kin miƙe ƙafa, carbi yana kan cinyarki. Tabaran Baba ne a kan hancinki. Kin kashe ƙarar gem ɗin, kin riƙe shi da hannu biyu, kin ɗan cije leɓenki na ƙasa, manyan yatsunki suna tafiya da saurin da ban san kina da shi ba. Can sai na ji kin ce "Yauwa!" ƙasa-ƙasa, kika yi 'yar dariya ke kaɗai. Umma, tun ranar da aka fita da Baba ban ji dariyarki ba sai ranar.

Na saki labulen a hankali na koma zaure. Na tsaya ina kallon ruwa yana zuba daga indararo har sanyi ya kama ni, sannan na ɗaga murya na sake sallama. Da na shiga, carbi ne a hannunki. Kika ce, "Auta, yau da wuri aka tashe ku?" Na ce e. Ranar dai na yi abin kirki. Har mako biyu na riƙe bakina. Nakan ma cire batir daga rediyon Baba in sa a ciki, don kada ya mutu miki a tsakiyar rana. Ban sani ba ko kin lura.

Sai ga Juma'ar nan.

Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta zo duba ki tare da wasu mata biyu daga danginsu. Ana zaune a rumfa, kin kawo shayi. Yaya ya dawo daga masallaci ya durƙusa ya gaishe su, sai wasa ya motsa masa. Ya ce Gwaggo, kin san Rabi ta zama gwana a ɓoye? A gaban mutane ba ta iya komai, in an fita kuma ta fi kowa. Ya ɗauko gem ɗin ya danƙa mini, ya ce in nuna musu. Na ce ba na so. Matan suka ce haba, buga mu gani. Ido takwas a kaina, ban da naki. Na fara, kafin a ce kwabo tubala sun cika fuska. Aka fashe da dariya. Yaya ya ce to ga ta nan, makira, da gangan take yi.

Hawaye ya taru mini. Ban yi shawara da zuciyata ba, sai jin bakina na yi yana cewa, "Ni wallahi ba ni ba ce! Umma ce take bugawa in mun fita."

Dariyar ta tsaya cak. Gwaggo ta ajiye kofinta ta dube ki. "Binta, da girmanki? Ƙanena ko wata uku bai yi a ƙasa ba." Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta ƙara da cewa ai carbi ya fi miki.

Ba ki musa ba. Ba ki dube ni ba. Kika gyara lulluɓinki, kika ɗauki butar shayi kika ce, "Ya huce, bari in ɗumama." Kika shiga madafi. Shayin da ba ya ɗaukar minti biyar, sai da aka kira la'asar kafin ki fito da shi.

Na jira faɗa a ranar, bai zo ba. Na jira washegari. Da ma kin zage ni, ko kin ɗauki tsintsiya kin zane ni, da tuni maganar ta wuce. Amma kika ci gaba da tashina sallar asuba, kina dama mini koko, kina tambayata hadda, kamar ba abin da ya faru. Abu ɗaya ne ya canza: ba ki ƙara taɓa gem ɗin ba.

Sau uku ina cusa shi a ƙarƙashin matashinki kafin in tafi makaranta. Sau uku ina dawowa in same shi a kan kabad, an ajiye shi daidai, fuskarsa tana kallon ƙasa. A na ukun na gane amsa ce kike ba ni.

Maganar kuma ta zaga dangi. Ranar fitar takaba, da mata suka taru, na ji wata tana cewa a ba Binta gem ta huce gajiya, aka yi shewa. Kika yi murmushin da ake yi wa baƙi. Yaya ya ji kunyar abin da ya jawo, ya kyautar da gem ɗin ga wani a kasuwa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma haka.

Abin da ban manta ba shi ne yammacin ranakun da suka biyo baya. In dawo daga Islamiyya in same ki a bakin gado, hannuwanki a kan cinya, ba kya yin komai. Kin gama lazimi, kin gama girki, kin share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata. Kina zaune kawai kina jiran wani ya yi sallama. Ni na san abin da na ƙwace miki, kuma na rasa yadda zan mayar.

Aka yi mini aure na tafi Zariya. Yaya ya yi gini a wajen gari, ya yi juyin duniyar nan ki koma wurinsa, kika ce ɗakin da Baba ya ajiye ki a nan za a ɗauke ki. Shekara goma sha ɗaya kika yi a gidan nan bayan tafiyata. Wayoyi suka zo, kowace da gem a cikinta. In mun kawo miki jikoki, sukan hau cinyarki su tura miki waya su ce Hajiya gwada. Sai ki ce, "Idona ba ya gani." Ke da kike zura zare a allura da kanki har ƙarshen rayuwarki. Duk lokacin da kika faɗi haka, sai in tashi in nemi abin yi a madafi.

A ciwonki na ƙarshe, bayan an sallamo ki daga asibiti, na zo na zauna da ke. Wata rana bayan azahar ina shafa miki man zafi a ƙafa, gidan ba kowa sai mu biyu. Na daɗe ina tauna maganar kafin ta fito. Na ce, Umma, ki yafe mini abin da na yi miki a kan gem ɗin nan.

Kika dube ni. Sannan kika ce, "Wane gem?"

Na fara ba ki labari, na ambaci Gwaggo, na ambaci Juma'ar. Kika katse ni. "Auta, ke dai ba kya mantuwa. Gyara mini matashin nan." Na gyara. Kika juya fuskarki wajen bango. Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban san me "wane gem" take nufi ba. Ko da gaske kin manta, ciwo da shekaru sun shafe shi? Ko sauƙaƙa mini kike yi, kamar yadda kika saba, don kada in ɗauki kayan da kike ganin sun fi ƙarfina? Ko kuwa kunyar ce har lokacin ba ta sake ki ba, ko a gabana, ko a kan gadon ajali? Na juya ta ta kowace fuska. Ba wanda zan tambaya.

Yanzu na wuce arba'in. Yara sun tafi makarantun kwana, maigidan kuma aikinsa na tafiye-tafiye ne. Tsakanin azahar da la'asar gidana yakan yi shirun da har ƙarar firji nake ji. Ina da irin wannan gem a wayata. Nakan buga, kuma da na ji an taɓa ƙofa sai in kife wayar a kan cinya kamar wadda aka kama da sata. Sai yanzu na gane ba wasa kike yi ba. Hannu ne yake samun abin yi, kai ya ɗan huta da tunani na ɗan lokaci. Ba ki daina son Baba ba, ba ki rage masa addu'a ko ɗaya ba. Numfashi kawai kike yi. Abin da ya kamata in faɗa wa Gwaggo ke nan, amma ina da shekara goma sha huɗu, kuma kaina nake ceto.

In kin manta, alhamdu lillahi. In kuma ba ki manta ba, to ga shi na faɗa a gaban mutane, kamar yadda na yi laifin a gaban mutane: ni ce na yi kuskure, ba ke ba.

Allah ya jiƙanki, Umma. Ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi. Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi, inda ba zaman jira, ba kaɗaici, ba wanda zai tambaye ki me kike yi da wuninki. Ya jiƙan Gwaggo Asabe, ita ma ta riga mu, kuma na san zafin rashin ƙaninta ne ya yi magana a ranar. Ni kuma Allah ya sa kin yafe mini tun kafin in roƙa. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, autarki.