Na Gano Kuskure a Binciken Malamina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, wata biyu ke nan abin nan yana cina a rai.

Ni mai bincike ce a kan cibiyar ƙwayar zarra. Muna harba ƙwayoyi kan wani siririn ƙarfe, sai cibiyar ta shiga juyi kamar katantanwa, tana fitar da haske yayin da take rage gudu. Da hasken muke gane siffarta. Mahaifiyata har yau gyaran lantarki take cewa ina yi, na daina musu.

Shekara ashirin da suka wuce malamina ya wallafa cewa wata cibiya, in juyinta ya tsananta, miƙewa take yi kamar ƙwai. Da wannan aka san shi. Zanen sakamakon yana manne a bangon ofishinsa, har takardar ta koɗe. Bana na maimaita gwajin da sabuwar na'ura, wallahi don in ƙara masa hujja. Sai na ga hasken da ya dogara da shi na wata cibiya ne daban da ta gauraya a ƙarfen. Sau huɗu ina sake dubawa.

Mutumin nan, lokacin da na haihu na ce zan bar karatu, shi ya hana. Saura wata shida ya yi ritaya. Abokiyar aikina ta ce in wallafa kawai, maigidana ya ce in kulle a durowa sai ya tafi. Yanzu in na gaishe shi, ƙasa nake kallo. Kunya nake ji, da tsoro.

Ɗalibar Farfesa

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Kunyarki tarbiyya ce, kuma maigidanki tausayi ne ya sa shi faɗin haka. Amma durowa ba ta gyara kuskure. Wani zai sake gwajin, kuma shi ba ruwansa da wanda ya hana ki barin karatu. Abokiyar aikinki kuwa ta yi gaskiya a kan wallafawa, sai dai ta manta da ladabi. Bai kamata malaminki ya tsinci labarin a mujalla ba.

Ki nemi ganinsa shi kaɗai. Ki ajiye masa takardunki duka, ki roƙe shi ya nemo inda kika yi kuskure, kuma da gaske, don wataƙila akwai. In babu, ki ba shi dama ku wallafa gyaran tare. In ya ƙi, ki ba shi mako biyu ya huce, sannan ki wallafa da sunanki, ki faɗi cewa na'urar zamaninsa ba za ta iya bambancewa ba.

Zai ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma shi ya koya miki duban da ya kai ki ga wannan, kada ki ajiye duban nan don yau ya biyo ta kan malamin. Ki je cikin makon nan. Allah ya sassauta zuciyarsa, ya ƙarfafa taki.