Faɗuwar Gabana Ba Tsoro Ba Ne

Zuwa ga Shugaban asibitin da nake da kati a cikinsa, a nan Jos.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da na ƙara maka aiki a kan wanda ke gabanka. Ban saba kai ƙara ba, tura ce ta kai bango.

Na farko: sau uku ina zuwa tun bayan ƙaramar Sallah. Ranar farko na ce wa mai cika kati gabana yana faɗuwa. Hausarsa ta kasuwa ce, wannan ba laifi ba ne. Laifinsa bai tambaye ni abin da nake nufi ba. Ya rubuta wai tsoro ke damuna. Tun daga nan duk likitan da ya buɗe katin sai ya ce in rage tunani. Ɗaya har da dariya: wai ko oga ne ya ɓata min rai? Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana.

Na biyu: idan na juya wuya zan sallame salla, zuciyata takan tsaya cak, idona ya yi duhu, sannan ta dawo kamar ana daka. Haka ma in hijabi ya matse ni. A kasuwar Farin Gada na waiwaya zan amsa gaisuwa, sai farkawa na yi a kan buhun kabeji, ana yayyafa min ruwa. Wata likita, 'yar maƙwabciyata, ta ce akwai jijiya a wuya mai taka wa zuciya birki, wataƙila tawa ce ke saurin kamawa, sai likitan zuciya ya auna. Na nemi takardar zuwa wurinsa, aka ce mai tsoro ba ta bukata.

Na uku, shi ya fi min ciwo. Shekara ashirin ina karantar da mata Alƙur'ani. In ɗaliba ta sauya wasali ɗaya, sai na mayar da ita baya, don ma'ana ta canza. Ku kalma sukutum kuka sauya min, kuma babu wanda ya koma baya.

Roƙona, a gyara kalmar nan a katina, a ba ni takardar. Yanzu kaina a tsaye nake sallama, ba dama ba hagu, kuma raina bai kwanta da haka ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama lafiya. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Wassalam.

Malama Hajara,
Kongo-Rasha, Jos.