Bakan Baba Yana Cikin Gilashi

Ƙanena Y Thim,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka. Mu dai jiki lafiya, amma hankalina ba ya jikina.

Ka tuna malamin jami'ar da ya zo bara, mai tambayar tsiya? Kwana uku ya yi yana sa Baba ya maimaita "hna", sunan bakansa na farauta mai gindi da kunama irin ta bindiga, shi kuwa yana rubutawa. Wai kalmar ta tsufa ƙwarai, daga bakin mutanen duwatsu irinmu Sinawa suka ari tasu. Kaina ya kumbura, na ɗauko bakan na ara masa, wai mako ɗaya zai ɗauki hoto. Ni na ba shi, Thim, da hannuna, Baba yana kwance cikin ciwon ajali bai sani ba.

Saura kwana tara bikin rabuwa da kabarinsa. An sayi ɓauna, an jera tulunan giya, an ware masa rabonsa, tukunya da adda da bargo. Baka ne babu. Ka san daga ranar ba mai sake taka wurin har abada. Maharbi zai tafi hannu rabbana saboda wautata! Inna tana tsammanin yana rataye a ɗakina.

Ka bar aikin nan ka nemo mutumin. Ka durƙusa masa in ta kama.

Yayarka,
H'Juen

Ƙanena Y Thim,

Ina gaishe ka, sannu da wahala. Saƙonka ya iso, na karanta har sau uku. Wato malamin ya miƙa bakan gidan tarihi, sun kulle shi cikin gilashi, sun ce ba ya fita sai da takarda daga sama. Kuma sun rubuta layi shida a jikin gilashin kan asalin kalmar, babu sunan wanda ya sassaƙa shi. Kaico!

Na ari bakan Kawu na kai kabarin ranar bikin. Idon Inna ya mutu, amma hannunta bai mutu ba. Tana shafa gindin ta tsaya, don babu gurbin da yatsan Baba ya ci. Ba ta tona ni gaban jama'a ba, ta ajiye shi, muka juyo. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Yau da safe ta fara yi mini magana. Ta ce in tambaye ka wace rana ake buɗe gidan tarihin nan, kuma ko suna barin tsohuwa ta zauna kusa da gilashin.

Ka gaida matarka.

Yayarka,
H'Juen