Tambayar da Zan Yi wa Hedimasta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki shafa mini kan ƙaramar.

Yaya, kaina ya ɗaure. Kin tuna darasin nan da na faɗi bara, wanda ake koya mana gabatar da jawabi da muhawara da Turanci? Idan na sake faɗuwa bana, sashenmu na jami'a zai sallame ni. Malamar, wadda muke kira Madam Agogo saboda da ka buɗe baki take danna agogo, ta ce Turancina ba shi da laifi, laifin nawa ne. Wai ina kallon ƙasa, wai ina jira kowa ya gama kafin in ce uffan. To, ba haka aka rene mu ba? Halin da Inna take yabona da shi, a kansa ake zaftare mini maki.

Ana wata ga wata. An haɗa mu biyu-biyu, ɗaya ya yi jawabi, ɗaya ya tashi ya ƙalubalance shi, ido cikin ido. Ki canki wanda aka haɗa ni da shi. Hedimasta! Namu na firamare, wanda ya koya mini baƙaƙen Turanci. Ya dawo neman digiri da furfurarsa, yana zama a layin gaba, jakarsa a cinya. Da wane bakin zan ce masa ban yarda da shi ba a gaban aji?

Ki taimake ni da shawara. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta iso, kowa lafiya lau. Na yi dariya har yara suka leƙo su ga ko lafiya. Ke da ko kaza sai kin ba ta haƙuri kafin ki kore ta.

Na kai maganar gida, kuma na yi da-na-sani. Baba ya ce karatun da zai sa ki ja da malaminki gara a bar shi. Inna ta ce ita ba ta haifi 'yar da za a koro mata daga jami'a ba. Suka yi ta musu har abinci ya huce, su da ba wanda yake ba su maki.

Ga tawa shawarar. Ki same shi a gefe ki faɗa masa tambayar tun kafin ranar, ya shirya amsarsa. Ki ci, ya ci, a rabu lafiya. Batun kallo kuwa, ki kalli goshinsa, daga nesa ba mai ganewa.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya ba da sa'a.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na bi shawararki, kuma na ƙara rikicewa.

Na same shi a wani aji da ba kowa, yana yi wa kujeru jawabi. Na gaishe shi, na fara bayani. Ya cire tabarau ya ce, "Auta, satar amsa kika kawo mini?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya ce in zauna in saurare shi.

Yaya, karantawa yake daga takarda. Aka buga ƙofa a waje, ya rasa layin, ya koma farko. Mutumin da tarinsa kaɗai yake sa makaranta ta yi tsit. Tausayinsa ya kama ni, na kasa kallon ko goshin.

Kuma kin san abin da jawabin yake cewa? Wai ajin da yara suke shiru shi ne ajin da aka fi koyo. Ina zaune tambaya ta faɗo mini, ban neme ta ba: idan haka ne, ni da na fi kowa shiru a ajinsa, me ya sa nake maimaita darasin magana? Ba don maki ba, da gaske nake son in sani.

Idan na yi ta, na san zai daskare. Idan na yi mai sauƙi, Madam Agogo za ta gane, ta ce lallashi nake ba muhawara ba. Na rubuta tambayoyin biyu a tafin hannuna, gumi yana goge su, ban san wadda za ta fito ba.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki faɗa wa Baba.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na lura tun ranar jawabi kina canza hanya idan kin hango ni, shi ya sa na rubuto.

Na ga sakamako a allon sanarwa. Kin ci, ina taya ki murna. Ni zan maimaita.

Kin tashi, kin dube ni, muryarki ba ta yi rawa ba, kuma ba kuskure ko ɗaya a jimlarki. Na tsaya ina duba ta a zuciyata ban sami abin gyarawa ba, har agogo ya buga ban ce komai ba. Da na koma gida matata ta tambaye ni ko fushi nake ko alfahari. Na ce ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Abin da ya dame ni shi ne ban samo amsar tambayarki ba, kuma na nema. Idan kin riga ni samu, ki tare ni a baranda ki faɗa mini, da Turanci.

Ki gaida mahaifinki.

Ɗan ajinku na layin gaba