Muryata ta kwashe mini ɗalibai

Malama, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Ni malamin jami'a ne, shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi. Bara na lura da wata ɗalibata mai goyo, kullum sai darasi ya yi nisa take shigowa tana haki. Na tausaya mata da ire-irenta, na fara naɗar darussa a waya, minti ashirin-ashirin, abin da yara ke cewa fodkas. A cikin mota ma nake naɗa, in rufe gilashi saboda hayaniyar jikoki.

Sakamakon jarrabawa ya yi kyau, shugaban sashe har yaba mini ya yi a taro. Amma aji ya watse. Ɗakin da ke cin mutum ɗari da hamsin, ranar Talata bakwai na tarar, biyu ma cajin waya ya kawo su. Abin da ya fi ci mini rai, na haɗu da wani ɗalibi a matakala, abin saurare a kunne, ina jiyo muryata tana fita, ya raɓa ni ya wuce ko gaisuwa babu. Bai san fuskata ba. Uwargida ta ce kishi nake yi da kaina. Sau biyu ina kai hannu zan goge su duka, sai in tuna mai goyon nan. Yaya zan yi?

Malami mai damuwa

Amsa:

Malam, sannu. Ciwon da kake ji na gaske ne, kuma kana da gaskiya: cin jarrabawa daban, zama gaban malami daban. Amma kada ka goge. Alheri ka shuka, wasu da shi kaɗai suke riƙe da karatunsu.

Sai dai ka yi wa yaran adalci. In abin da ke waya shi za ka maimaita a aji, me zai sa mai hawa mota biyu ya zo? Bar wa waya bayani, ka mayar da aji wurin tambaya da muhawara. Kowane naɗi ka rufe shi da tambayar da sai a aji za a warware. Bakwai ɗin nan kuwa, ka san sunayensu, ka ba su lokacinka kamar ɗakin a cike yake. Su za su kai labari. Ba duka za su dawo ba, ka saki ranka da wannan.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa albarka a koyarwarka.