Taraktar Baba da Jingar Abdulghani

Nuzla, Jidda
Zulƙida, 1392

Zuwa ga Yayana Husaini,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinka. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, ciwon bayan da ka ambata ya sake ka, kasuwar Fagge kuma tana motsi. Mu nan da sauƙi. Maigidana Bello yana nan yana dakonsa a tashar jiragen ruwa, yanzu da alhazai suka fara sauka sai ya wuni ba mu sa shi a ido ba. An yaye autata Madina, ta yi ɓulɓul, bakinta ba ya hutawa. Inna tana cin abinci, ƙafar ce dai har yanzu sai da sanda. Na fara da lafiyar kowa ne don kada gabanka ya faɗi, amma ba zan yi ta jan ka ba. Ƙanenmu Yahya yana hannun hukuma, a gidan da ake tara waɗanda za a kora, an ce da an sauko daga Arfa za a sa shi a jirgin Kano. Gara ka ji daga bakina kafin alhazai su kawo maka labarin a karkace.

Ka tuna 'yar taraktar Baba, jar nan ta yankan ciyawa da Baturen da yake wa aikin lambu ya bar masa da zai koma ƙasarsu? Ka tuna yadda Baba yake dariya har da hawaye in ya zo kan farantin ƙarfen da ake ɗaura mata a gaba, da sarƙoƙin da ake naɗa wa tayoyinta? Wai a garinsu da su ake ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, shi ne mutumin ya loda su a jirgi ya kawo Jidda, inda ko ruwan randa ba ya yin sanyi. Bayan rasuwar Baba ita ma ta mutu a bayan ɗakin Inna. Kaji suka mai da kujerarta akurki, ɓeraye suka cinye wayoyin, tayoyin suka tsattsage. Sarƙar muka riƙa ɗaure ragon layya da ita. Farantin kuwa Inna ta sa aka kafa mata shi a bakin ƙofa, shi yake tare mata ruwa in an yi sama. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zuwa, da sandarta take korar su.

To, farkon watan nan aka yi ruwa. Ka san halin garin nan, shekara ta wuce ba ko ɗigo, rana ɗaya ya sauko kamar an farke salka. Ruwan dutse ya gangaro da laka da mushen awaki ya bi lungunmu, yadda ya saba bi ya fita fili. Sai dai bana bai samu hanya ba, don Abdulghani, ɗan Sudan ɗin nan da ya sayi gidan ƙarshen lungu bayan tafiyarka, ya tada jinga ta toshe bakin lungun gaba ɗaya. Ya tara buhunan siminti a gidansa zai yi gini, wai kada su jiƙe. Ruwan ya dawo ya kwanta a jikin ɗakin Inna, ɗakin da Baba ya gina da tubalin ƙasa da hannunsa. Muna kallo gindin bangon yana narkewa, yana zubowa dunƙule dunƙule. Na yi kuka, na yi faɗa, Bello ya durƙusa mata, ta ce ba inda za ta. Ta ce da ƙafa ta tako daga gida tana amarya don ta mutu kusa da Ɗakin Allah, a ɗakin nan mijinta ya cika, in bango zai faɗo ya same ta a kan buzunta. Ka san Inna in ta kafe.

Dattawa suka je wa Abdulghani, har da liman. Wallahi Yaya, ko tabarma bai shimfiɗa musu ba. Ya ce ƙofar gidansa ce, wanda bai ji daɗi ba ya kai ƙara wajen askarawa. Ya san abin da yake faɗa. Shi yana da iƙama, takardar zaman ƙasa, da kafili mai ƙarfi, Balaraben da ya tsaya masa, mu kuwa Baba ya rasu bai yi wa ko ɗayanmu takarda ba. Kuma ya san dokar Nuzla tun ta kakanni: faɗa ba ya fita daga unguwa, wanda aka fasa wa kai wanzami ake kira masa, ba a kai shi asibiti, don asibiti sai sun tambayi wanda ya yi. Samari suka je da shebur, suna haƙa, shi da ɗansa Ubale suna mayarwa da duwatsu da gangunan da suka cika da yashi. Ga hadari kuma bai bar sama ba, kowa ya san wani ruwan yana tafe.

Nan Yahya ya ce halas, wato shi ke nan, zai tada taraktar Baba. Na ce masa ya haukace, abin da ya fi Madina da yayyenta shekaru a kwance. Shi dama bakinsa ba ya ɗaukar doguwar Hausa, in ransa ya ɓaci ma sai ya koma Larabci ko ya yi gum. Ya bar zuwa warshar da yake gyaran motoci, ya baje ta a tsakar gida. Ya kwance injin ya wanke da kananzir a cikin kwanon wankina, ya kankare tsatsa da yashi har yatsunsa suka fashe. Ya samo fulogi a wajen wani mai babur, ya yanka tsohon bel ɗin mota ya ɗinke da waya, tayoyin da suka ƙi riƙe iska ya cusa musu tsummokara da igiyar jirgi. Abu ɗaya ya gagare shi, wajen da ke ba injin mai. Sai ya ɗaura masa waya ya naɗe ta a ɗan yatsansa, in ya ja ta yi ƙara, in ya saki kaɗan ta mutu, shi kaɗai ya san daidai inda ake riƙewa. Da ya zo cire farantin daga ƙofar Inna na zaci za ta rotsa masa sanda. Sai ta dube shi ta ce ya ɗauka, na ubansa ne. Ranar da injin ya kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, na leƙa ɗaki na tarar da Inna tana share ido da gefen mayafi. Ta ce rabonta da wannan ƙarar tun Baba yana da ƙarfinsa.

Da hantsi Yahya ya fito da taraktar, faranti a gaba, sarƙa a tayoyi, tana tafe tana cin laka. Unguwa duk ta fito. Ya saita jingar ya doka, gangunan suka motsa. Ya ja baya ya sake dokawa, sai ga ruwa ya fara tsartuwa ta tsakiya, mata suka ɗauki guɗa. A nan sarƙar taya ɗaya ta kwance, ya sauko yana gyarawa, ya ba ƙofar Abdulghani baya. Ina tsaye ina gani Ubale ya fito da guntun ƙarfen gini. Na ƙwala ihu, amma ƙarar mutane ta danne muryata. Ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Da Yahya ya juyo Ubale ya ƙara masa a baki, haƙoransa na gaba suka zube a laka, jini ya wanke masa riga. Abdulghani yana tsaye a kan jinga yana cewa ya ƙara masa, ya karya hannun ɗan iska. Ni ban san lokacin da na cakumi tsohon nan ba, na yage masa riga, ya kwaɗa mini mari na faɗa cikin ruwa, har yanzu kunnena na hagu yana kuka.

Ina jin marin nan ne Yahya ya gani. Ya miƙe da sarƙar a hannunsa, wadda muke ɗaure rago da ita, ya wulwula ta sau ɗaya. Ta sami Ubale daga goshi zuwa bayan kunne. Yaya, ban taɓa ganin jini irin wannan ba ko a mayanka. Fatar kan ta ɓare ta rufe masa ido, ya faɗi ruf da ciki a cikin laka, ƙafafunsa suna shure shure. Guɗa ta koma salati. Abdulghani ya diro yana kiran sunan ɗansa, ya cire rawani ya danna a wajen, rawanin ya jiƙe sharkaf nan take. Ba zan ɓoye maka ba, a lokacin nan ban ji tausayinsu ba ko kaɗan, cewa na yi Allah ya ƙara. Ana cikin haka jingar ta ƙarasa ɓallewa da kanta, ruwan ya kwashe gangunan ya wuce fili.

Aka kira wanzami. Ya ɗaga rawanin ya duba, ya mayar, ya ce wannan ya fi ƙarfin askarsa, ƙashi ya fashe, in ba a kai shi asibiti yanzu ba a nemi likkafani. Ga lungu laka har gwiwa daga nan zuwa bakin kwalta, mota ba ta shiga, waɗanda suka gwada ɗaukarsa a kan ƙyaure suka zame suka kusa kifar da shi. Abdulghani ya haye taraktar da kansa, ya ja wayar, ta mutu. Bello ya gwada, ta mutu. Sai kowa ya juya yana kallon Yahya, yana zaune a gindin bango yana tofar da jini. Na riƙe masa riga na ce kada ya kuskura, bakin kwalta cike yake da askarawa saboda ambaliya, su gan shi da jini ba takarda sun gama da shi. Na ce ya bi ta bayan gida ya tafi unguwar Mahjar wajen abokansa ya ɓuya. Na zage shi, na ce shi wawa ne, mutanen da suka zubar masa da haƙora. Ya ɓamɓare hannuna daga rigarsa, ya ce da ni da wannan karyayyar Hausar tasa wai ba zai kashe mutum da sarƙar Baba ba. Ya naɗe wayar a yatsa, ya ce yalla, wato mu je, aka ɗaure ƙyauren a kan faranti da Ubale a kai, uban yana gefe yana riƙe da kan. Haka suka tafi a hankali, hannun Yahya ɗaya yana lilo.

Ubale ya rayu, an ɗinke shi, ido ɗaya ne ba a da tabbas. Yahya kuwa ko sauka daga kujerar bai yi ba askarawa suka kama shi. Abdulghani ya je ya ce ya yafe jinin, ya kai kafilinsa ya yi magana, aka ce maganar jini ta mutu amma maganar iƙama ba ta hannunsu. Ya zo ƙofarmu zai ba da haƙuri, na watsa masa ruwan wanke wanke, kuma ban yi nadama ba. Bello ya samu ya ga Yahya ta tsakanin ƙarafa, an ɗaure masa kafaɗar, bakin ya kumbura. Abin da Yahya ya tambaya kawai, ko bangon ya tsaya. Taraktar tana can bakin kwalta inda ya bar ta, ba mai iya tada ta, yara sun fara kwance mata ƙusoshi.

Bangon ya tsaya, Yaya. An sake yin ruwa bayan nan, ya bi lungu ya wuce abinsa, ɗakin ya bushe ƙayau. Amma Inna ba ta ƙara kwana a ciki ba. Ranar da na gaya mata za a kai Yahya Kano, ba ta yi kuka ba, ta ce in miƙo mata buzunta da ƙullin kayanta. Matar da ambaliya ba ta fitar ba ta fito da sandarta ta zauna a rumfar ƙofar gida. Ta ce yaron nan bai san kowa a can ba, ko cinikin goro bai iya da Hausa ba, za su mai da shi abin dariya. Ta ce ita ma ba ta da takarda, don haka Bello ya kai ta wajen askarawa su haɗa ta da ɗanta a jirgi ɗaya, in ya ƙi za ta rarrafa ta je da kanta. Na tuna mata alkawarinta na mutuwa kusa da Ɗakin Allah, ta ce Allah ya san hanyar Kano. Na yi iya yina na kasa, kuma raina yana gaya mini in ta tafi ba zan sake ganinta ba.

Don haka ka riƙa zuwa filin jirgi da zarar alhazai sun fara komowa. Ka bar Yahya yana yaro, ba za ka gane shi ba. Ka nemi dogon saurayi mai ɗaurarren hannu, ba haƙoran gaba. In ka yi masa magana ya amsa da Larabci kada ka ce raini ne. Ka share ɗaki na mutum biyu, wanda ba shi da tudu a ƙofa saboda ƙafar Inna.

Ka gaishe mini da Yaya Rahamatu da kyau, ka ce nauyi ya ƙaru a kanta, ta yi haƙuri da mu. Ina gaida Kawu Na'ibi da Gwaggo A'i, da Usman da Saudatu da ƙannensu. Bello yana gaishe ka, Madina ma an ce ta ce tana gaida Baba na Kano. Allah ya sada ku da alheri, ya sa Inna ta sauka lafiya.

Ƙanwarka,
Turai