Noti na Huɗu a Babur ɗin Baba

Zuwa ga sanyin idona, farin watana, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko bayan dogon fari,

Sallama irin ta wanda ya yi ɓarna ya rasa bakin faɗa. Ki yi haƙuri da tabon baƙin mai da ke gefen takardar nan. Sau uku na wanke hannu da sabulu, ya ƙi fita.

Kin tuna ranar Talatar da Baba ya turo tsohon babur ɗinsa ƙofar gida ya ce in duba masa, yana ɗigar mai? Babur ɗin da ya girme ki, wanda ya kai Mama asibiti ranar da za a haife ki, Baba ya dawo ya sa ƙusa ya zana kwanan watan a jikin kwanon injin da hannunsa! Shekara da shekaru bai bar wani makanike ya taɓa shi ba, sai ni. Ai na gane ba ɗigar mai ce ta dame shi ba, mai neman 'yarsa yake aunawa.

Na kwance, na wanke, na haɗa. Noti uku na ɗaure lafiya lau. Ina kan na huɗu kika fito da kofin ruwa, kina tafe kamar iskar da ke gaban hadari. Wayyo ni! Ni da kullum nake wa mutane wa'azi cewa alminiyom ba ya son ƙarfi, a ja noti a hankali, a tsaya in ya tsaya, sai ga shi na ga ya dace ki ga damtse. Na ja sifana, kika yi murmushi. Na ƙara ja. Wane shaiɗani ne ya ce in yi na uku? Sai na ji ƙas! Kika tambaye ni mene ne, na ce gwiwata ce. Har sannu kika yi min, ya mai tausayi, alhali kwanon Baba ne ya tsage, tun daga ramin noti har ƙarƙashin ranar haihuwarki.

Na ce masa aikin sai an je gareji, na tura babur ina gumin da ba na rana ba. Na shafa gam, na bi da fenti, na tsaya ina yaba wa kaina. Washegari na tarar da mai ya yi tafki a ƙasa. Na bi masu tsofaffin kaya na samo rabin kwano, tunda kwanon injin rabi biyu ne a haɗe. Maigidana, wanda ya koya min sana'a, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce rabi biyun nan tare aka ƙera su, in ka haɗa ɗaya da baƙo ba za su taɓa zama lafiya ba. Shi yana maganar inji, ni kuwa ke na tuna, idona ya cika.

Na koma na samo cikakken kwano, na ɗauki ƙusa zan kwaikwayi rubutun Baba. Lamba biyu na zana, hannuna ya ƙi gaba. Yaya zan nemi 'yar mutum in fara da satar rubutunsa? Na ajiye, na ɗauki tsohon na kai wa mai walda. Ya gasa shi, ya cike tsagar. Yau kwana uku ko ɗigo babu, kwanan watanki ma yana nan daram. Sai dai tabon ya fito ɓaro-ɓaro kamar tsutsa ta kwanta a kai, ko makaho ya shafa zai sani.

Gobe da yamma zan kawo babur, in durƙusa in gaya wa Baba komai, har da zancen damtsen. Tsoro nake ji, hasken raina, tsoro sosai. In ya ce wanda ya kasa riƙe noti ba zai riƙe masa 'ya ba, me zan ce? Ina zan kai wannan zuciyar da ba ta san hanyar kowane gida ba sai naku?

Roƙona ɗaya ne. Na san halin Baba, zai miƙo min sifana ya ce in sake ɗaure notin nan a gabansa. Don Allah, komai ƙishin da kika ga ina ji, kada ki fito da ruwa sai kin ji na ajiye sifanar.

Naki yau, naki gobe, naki har ƙarfe ya zama gari,
Makaniken da gwiwarsa lafiya ƙalau take.